Daga Dodo Zuwa Abin Haushi: Tsokaci a Kan Kalmar Ingilishi "Bugbear" da Yadda Muke Fassara Ta

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda tsokaci ce a kan kalma ɗaya tak ta Ingilishi, wato bugbear, da kuma irin riƙon sakainar kashin da take sha a hannun masu fassara zuwa Hausa. An shirya ta ne domin ɗaliban da ke ɗaukar darasin fassara da na nazarin ma'ana. Da gangan na ce Ingilishi ban ce Turanci ba, domin a wannan ɓangaren iyaka idan ka ce wa dattijo Turanci yana iya ɗauka Faransanci kake nufi.

Ga abin da ya jawo zancen. A wani aikin gida na ba ɗalibai guntun rubutu irin na jaridun Ingila, a cikinsa akwai wannan jimla:

1. Late trains are the biggest bugbear of people who work in London.

Kowa ya gane cewa ana maganar jiragen ƙasa masu makara da ma'aikatan birnin Landan. Amma da aka zo kan bugbear sai kai ya rabu gida huɗu. Wasu suka rubuta "baƙar dabba", wasu "dodo", mutum ɗaya ya rubuta "ƙwaro", mafi yawa kuwa suka fake da "matsala". Babu ɗaya daga cikin huɗun nan da ya faɗo daga sama. Kowanne yana da hanyar da ya biyo, kuma hanyar ce ta fi ɗaukar mini hankali fiye da kuskuren kansa, domin wanda ya ɓata a kan wannan kalma ta wannan hanya zai sake ɓata a kan wasu kalmomin masu yawa.

Lamarin ya wuce na neman maki. A watan Maris na 2025 aka fitar da kundin da ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ko me mutum zai ce game da wannan mataki, aikin juya rubutu daga Ingilishi zuwa Hausa kai tsaye, ba tare da yada zango a Faransanci ba, zai ƙara faɗowa a kan waɗanda ke zaune a azuzuwanmu yau. A gidan rediyo ko a ofis ba wanda zai ja musu jan layi. Kuskuren zai fita ne kawai, dubban mutane su ji shi a matsayin abin da Bature ya faɗa.

2.0 Inda kalmar ta fito

Bugbear harɗaɗɗen suna ne, ana furta shi kusa da "bagbeya", da ƙarfin murya a gaɓar farko. Ya bayyana a rubuce a ƙarni na 16. Ɓangarensa na biyu, wato bear, sunan wata ƙatuwar dabba ce mai gashi ta ƙasashen sanyi, wadda wasu ke rubutawa "beyar" a Hausa tun da ba mu da ita. A lokacin da kalmar ta fito dabbar ta daɗe da ƙarewa a dazuzzukan Ingila, amma mutanen Landan sun san ta sarai, domin ana kawo ta daga waje a ɗaure ta a turke a sakar mata karnuka, jama'a na kallo suna biyan kuɗi. Sai a 1835 doka ta hana wannan wasa. Saboda haka yaron Landan na wancan zamani idan aka ambata masa bear ya san abin da ake nufi, kamar yadda yaronmu ya san kura a hannun gardi ko da bai taɓa shiga daji ba.

Ɓangaren farko ne mai ruɗarwa. Duk wanda ya koyi Ingilishi yau ya san bug da ma'anar ƙwaro, ko kuma tangarɗar da ke hana manhajar kwamfuta aiki. To ba wannan ba ne. Akwai wata tsohuwar kalma, bugge, wadda ke nufin abin tsoro, fatalwa ko mutum-mutumi. A fassarar Baibul ta mabiyan Wycliffe, a ƙarshen ƙarni na 14, an yi amfani da ita ga mutum-mutumin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye. A fassarar Coverdale ta 1535 kuma ita ce ta tsaya wa abin firgitar da ke zuwa da dare a Zabura ta 91, wurin da fassarar 1611 ta sauya ta da wata kalmar. Ma'anar ƙwaro sai a ƙarni na 17 ta bayyana, da farko ga kuɗin-cizo, kuma har yau masana ba su daidaita ba a kan ko kalmomin biyu tushensu ɗaya ne. Haka nan wasu na danganta bugge da kalmar bwg ta harshen mutanen Wales, wasu kuma na ganin su ne ma suka ara daga Ingilishi.

Idan an haɗa biyun, ma'anar asali ita ce wata halitta ta ƙage, mai kama da beyar, da ake tsorata yaro marar ji da ita. Shakespeare ya sa kalmar a bakin Pandarus a wasansa Troilus and Cressida, wajen shekarar 1602, cikin zolaya. Da Samuel Johnson ya zo ya wallafa ƙamus ɗinsa a 1755, ya bayyana ta ne a matsayin abin tsoron ƙarya da ake yi wa jarirai. Abin lura a nan shi ne "na ƙarya". Tun farko kalmar na ɗauke da hukuncin mai magana cewa abin bai kai tsoron da ake yi masa ba. Daga ɗakin yara ta fita zuwa dandalin siyasa da addini, aka dinga kiran duk wani abin da ake kururutawa don a firgita jama'a da wannan suna. Daga baya tsoron ya yi ta raguwa, haushi ya maye gurbinsa, har aka iso ga ma'anar da ta fi yawa a yau: abin da ke yawan ɓata wa mutum rai, wanda kullum yake ƙorafi a kai.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ɗungum ba. Tana nan a wasannin tatsuniya irin su Dungeons & Dragons, inda bugbear wata halitta ce mai gashi da ake yaƙa, kuma wata cutar kwamfuta da ta bazu ta hanyar imel a 2002 an laƙaba mata wannan suna. Amma a jarida ko a hira, da wuya ka ji ta da wannan nufi.

3.0 Yadda ake amfani da ita a yau

Kafin a fassara kalma ya kamata a san da wa take zama. Bugbear suna ne mai tilo da jam'i, kuma da wuya a gan shi ba tare da mallaka ba. Ko dai a ce nawa ko nasa ko nata, ko kuma a jingina shi ga wani rukuni na mutane: malamai, direbobi, manoma. Sifofin da suka fi raka shi su ne masu nufin babba, tsoho, na musamman, na ƙashin kai. Wannan ɗabi'a ta nahawu ita ce mabuɗin ma'anar. Abu ba ya zama bugbear don kansa, sai dai ya zama na wani. Dubi waɗannan:

2. Bad spelling is my personal bugbear.
3. He went back to his old bugbear, the price of bread.

A jimla ta 2 mai maganar na faɗa mana cewa kuskuren rubutu na ba shi haushi, amma a lokaci guda yana amsa cewa wannan halinsa ne, wani ma ba zai kula ba. Akwai ɗan murmushi a ciki, kamar mutum na yi wa kansa dariya. A jimla ta 3 kuwa wani ne ke ba da labarin wani, kuma murmushin ya koma zolaya: ga shi nan ya sake ɗauko zancen tsadar burodi, mun dai san shi. Ke nan kalmar na bayyana abu biyu a tare, wato abin da ke damun mutum da kuma halin mutumin da abin ke damu. Mai fassarar da ya kawo na farko ya bar na biyu, rabin kaya ya sauke.

Ni kaina sai da na sha wuya kafin na gane haka. Lokacin da nake karatu a Ingila, malamar da ke duba kundina ta zagaye wani waƙafi da na saba sawa tsakanin yankin suna da yankin aikatau, ta rubuta kalmomi biyu a gefe: "my bugbear". Na garzaya ɗakin karatu na buɗe babban ƙamus, ma'anar farko da idona ya faɗa a kai ita ce ta halittar da ake tsorata yara da ita. Na kwana ina saƙe-saƙe, a zatona na zame wa baiwar Allah dodo, tana fargabar ganin rubutuna. Washegari wani abokin karatu ɗan ƙasar ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe nufinta kawai wannan waƙafin na ba ta haushi a rubutun kowa, kuma faɗin hakan da ta yi da wannan kalma sassauci ne, ba faɗa ba.

Akwai iyakar nauyin da kalmar ke iya ɗauka. Cunkoson motoci, cike takardun ofis, ƙarar wayar salula a taro, tsadar kaya, duk suna shiga. Yunwa ko yaƙi ko mutuwar yara ba sa shiga. Wanda ya kira annoba bugbear ko dai bai iya harshen ba ko kuma yana nuna bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Galibi kuma abu ne ko ɗabi'a ko tsari, ba mutum ba, ko da yake akan ji an kira hukuma ko ɗan siyasa da ita. An fi jin ta a Ingilishin Birtaniya. Ba'amurke ya fi saurin cewa pet peeve, wadda ta fito a farkon ƙarni na 20, ita kuma ta fi ƙanƙanta, ba ta wuce ƴan ƙananan halayen mutane masu ban haushi ba.

Sai a yi hattara da maƙwabciyarta nuisance, musamman mu da Faransanci ke kunnenmu. Daga tsohon Faransanci Ingilishi ya aro ta, daga aikatau mai nufin cutarwa. Bambancinta da bugbear shi ne ba ta buƙatar mai ita: hayaƙin da maƙwabci ke turo maka nuisance ne ko ka yi ƙorafi ko ba ka yi ba, har ma doka na da babi a kai. Ita kuwa bugbear ba a kai ta kotu.

4.0 Fassarori huɗu da inda kowace ta kauce

Na fara da mai sauƙi. Wanda ya rubuta "ƙwaro" ya tsinka kalmar ne gida biyu ya ɗauki ma'anar da ya sani. Da na tambaye shi ina ya kai bear, sai ya ce ai aikatau ne mai nufin jurewa, wato ƙwaron da ake jure wa. Na yaba da dabarar, amma shaci-faɗi ne. Harɗaɗɗen suna ba lissafi ba ne da za a tara ɓangarori a sami amsa. Baturen da ya bi wannan hanya da "dodon-kunne" ko "ƙarfen-ƙafa" ya san inda zai kwana.

"Baƙar dabba" kuwa ciwonmu ne na nan gida. Ɗalibi ya ga kalmar Ingilishi, ya buɗe ƙamus na Ingilishi da Faransanci, ya tarar da bête noire, sai ya juya wannan kalma bayan kalma. An yi kuskure biyu ke nan a tafiya ɗaya. Na farko, "baƙar dabba" ba ta nufin komai ga Bahaushe illa dabba mai baƙin gashi. Na biyu, ko da an fassara bête noire daidai, ba ita ce bugbear ba cif-cif. Hujja kuwa ita ce Ingilishi da kansa ya ari bête noire a ƙarni na 19 alhali yana da bugbear a hannu, kuma har yau yana amfani da su biyun. Bête noire ta fi zafi, ta fi karkata ga mutum, akwai ƙiyayya a cikinta. Bugu da ƙari, Faransanci ya raba wa kalmomi uku aikin da bugbear ke yi ita kaɗai: croque-mitaine ga abin tsorata yara, épouvantail ga abin da ake kururutawa, bête noire ga abin da aka tsana. Duk wanda ya ratsa ta Faransanci dole ya zaɓi ɗaya kafin ma ya iso Hausa, kuma galibi ta farko a shafin yake ɗauka.

A kan "dodo" zan ɗan daɗe, domin ita ce amsar ɗalibai masu ƙoƙari, kuma wani abokin aikina da nake girmamawa ya kare ta da ƙarfi da muka tattauna. Hujjarsa ita ce: kalmomin biyu tagwaye ne. Bugbear abin tsorata yara ne, dodo ma haka. Uwa Baturiya ta ƙarni na 16 da uwa Bahaushiya da ke cewa "yi shiru, ga dodo nan" abu ɗaya suke yi. Kuma dukansu sun fita daga ɗakin yara sun shiga zancen manya. Me ya fi wannan dacewa?

Na yarda da tarihin, ban yarda da hukuncin ba. Tagwaye ne da suka tashi a gari daban-daban. Dodonmu bai taɓa rasa haƙoransa ba. A tatsuniyoyi, tun daga waɗanda Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913 har zuwa waɗanda kakanninmu suka yi mana, dodo haɗiye mutane yake yi, kuma da kalmar ta shiga zancen yau da kullum da tsoron ta shiga. Idan muka ce lissafi ya zame wa ɗalibai dodo, muna nufin gabansu na faɗuwa idan an ambace shi. Idan muka ce wane ya zama dodo a unguwa, shakkarsa ake yi. Ba mai cewa kuskuren rubutu dodonsa ne don yana ba shi haushi. Wanda ya ji haka zai ɗauka mai maganar ne ba ya iya rubutu, yana tsoron a kama shi. Ka ga ma'ana ta juye ke nan: malamin da ke gyara wa mutane ya koma ɗalibin da ke ɓoyo. Haka ma'aikatan Landan na jimla ta 1 ba tsoron jirgi suke yi ba, tsaki suke yi a tasha suna duba agogo.

Wannan ba ya nufin a jefar da dodo. A rubutun ƙarni na 17 ko na 18 ita ce daidai, kuma inda ake nufin abin tsoron da ba shi da tushe muna da "dodorido", wadda ta ɗauko har da hukuncin nan na cewa barazanar fanko ce. Ko a Ingilishin yau akwai wuraren da ɗan tsoro ya rage a kalmar, kamar a ce wani darasi shi ne bugbear na masu jarrabawa. A nan "dodo" na iya zama. Abin da nake suka shi ne ɗaukar kamannin asali a matsayin hujjar daidaiton ma'ana.

Wani ɓangare na laifin yana ga rashin sanin irin ƙamus ɗin da ke hannu. Babban ƙamus na Oxford, wanda aka fara bugawa a 1884 aka kammala a 1928, yana jera ma'anoni ne bisa tarihi, wadda ta fi tsufa a sama. Ƙamus irin wannan ba ya cewa ma'ana ta farko ita ce ta fi yawa, cewa yake ita ta riga zuwa. Shi ne tarkon da na faɗa a ɗakin karatu. Ƙamusoshin masu koyo, irin wanda A. S. Hornby ya assasa ko na Cobuild da ya fito a 1987 bisa tarin rubutun zamani da aka zuba a kwamfuta, suna fifita abin da ake faɗa yau. Su ya kamata mai fassarar jarida ya fara buɗewa. Namu na harshe biyu kuwa kowanne da wanda aka yi dominsa. Sashen Ingilishi zuwa Hausa na Bargery na 1934 manuniya ce mai mayar da kai cikin babban sashen, ba wurin tsayawa ba ne. Na Roxana Ma Newman na 1990 ya fi kula da muhallin kalma da misalai, amma shi ma ba zai karanta maka jimlar da ke gabanka ba.

Saura "matsala". Ba za a ce kuskure ce ba, kuma wannan ne ya sa ta fi sauran haɗari, domin ba mai kama ka. Makarar jirage matsala ce, gaskiya ne. Amma yunwa ma matsala ce, fashewar taya matsala ce, rashin haihuwa matsala ne. Kalmar ta zama buhun da ake zuba kowane irin hatsi, kuma duk wanda ke sauraron labarai da Hausa ya san sau nawa take fitowa a cikin minti goma. Abin da ta zubar a nan shi ne mai haushin. Dubi wannan, irin wadda ta cika jaridun Birtaniya kafin ƙuri'ar raba gardama ta 2016 da ta kai ga ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai a 2020:

4. Brussels has long been the bugbear of the party's right wing.

Ɗan jaridar da ya rubuta haka bai ce hukumomin Tarayyar Turai na cutar da kowa ba. Cewa ya yi wani ɓangare na jam'iyya ya daɗe yana ɗora musu laifi, kuma ta zaɓen wannan kalma ya ja jikinsa gefe, har da alamar yana ganin sun cika zuzutawa. Mai fassarar da ya ce "Brussels ta daɗe tana zama matsala ga masu ra'ayin riƙau na jam'iyyar", ko ya ƙara gishiri ya ce "ta daɗe tana addabarsu", ya mayar da zargi ya zama labari. Ya sa wa marubucin ra'ayin da bai faɗa ba, ya kuma sa gidan rediyonsa ya ɗauki ɓangare a rikicin da bai shafe shi ba. Da ya ce "masu ra'ayin riƙau na jam'iyyar sun daɗe ba su da abin suka sai Brussels", da ya bar kowa a inda marubucin ya ajiye shi.

5.0 Abin da Hausa ta tanada

Kuskuren da ke ƙarƙashin duka huɗun shi ne neman suna a madadin suna. Inda Ingilishi ya ɗaure wannan ma'ana cikin suna guda da mallaka, Hausa ta fi son kwance ta cikin aikatau. Mu ba mu da ƙarancin kaya a wannan fage: dama, addaba, gallaba, isa, fitina, uzzura, takura, hana sakat, ba da haushi, ƙona rai. Amma ba kowanne ke shiga kowane gurbi ba.

"Ƙarfen-ƙafa" na da ɗorewar da ake nema, sai dai ya yi nauyi. Hoton da ke cikinsa na marin da ake sa wa ɗaurarre ne, abin da aka ƙaƙaba maka ba ka da ikon cirewa. Bashi na zame wa mutum ƙarfen-ƙafa, waƙafi a rubutun ɗalibi ba ya zama. "Alaƙaƙai" ta fi dacewa da mutum mai naci, wanda ya manne maka ya ƙi tafiya, ita kuwa bugbear ba ta bin ka, kai ne kake ganin ta ko'ina. "Ƙadangaren bakin tulu" da wasu ɗalibai ke son jefawa don ƙawata fassara ba ta da wuri a nan ko kaɗan, domin zancenta na tsaka-mai-wuya ne, abin da kashe shi ɓarna, barin sa ɓarna. "Ta ƙi ci ta ƙi cinyewa" na bayyana abin da ya ƙi ƙarewa, amma ba ta ce komai a kan wanda ke jin haushi.

Wadda ta fi kusa, idan ana maganar jama'a, ita ce "ci wa mutum tuwo a ƙwarya". A nawa fahimtar ƙarfinta na cikin tuwon: abu ne na kullum, ba ya kisa, amma naka ne ake taɓawa, kuma dole a faɗi ƙwaryar wa. Wannan "wa" ɗin shi ne ya yi aikin da mallaka ke yi a Ingilishi. Saboda haka jimla ta 1 sai ta zama:

5. Ba abin da ya fi ci wa ma'aikatan Landan tuwo a ƙwarya kamar makarar jiragen ƙasa.

Sai dai a lura, kafofin yaɗa labarai sun ja wannan magana sun kai ta kan manyan abubuwa kamar rashin tsaro da talauci, har ta fara yin nauyin da ba ta da shi a bakin tsofaffi. Saboda haka a jimla ta 2, inda mutum ɗaya ke faɗin ɗan halinsa, na fi son a sauko:

6. Ni dai ba abin da ke ba ni haushi kamar kuskuren rubutu.

Ƙaramar kalmar nan "dai" ita ta ɗauki sifar personal da murmushin da ke tare da ita. Ba za ka same ta a ƙamus a gaban bugbear ba, amma cire ta ka ji yadda jimlar ta zama ta mai faɗa. Ana iya cewa "na ƙi jinin kuskuren rubutu", sai dai ƙin jini ya fi kusa da bête noire, ya ɗan yi zafi.

Jimla ta 3 ce ta fi nuna cewa wani lokaci sai an bar abin an koma kan mutumin. Babu buƙatar a nemo wa tsadar burodi suna. Abin da marubucin ke nunawa shi ne mita:

7. Sai ya koma kan waƙarsa ta kullum, wato tsadar burodi.

Wani zai ce an yi nisa da kalmar asali, tun da babu haushi ko damuwa a jimla ta 7. Amsata ita ce Bahaushe ya san wanda ke da waƙar kullum a kan tsadar burodi ba yabon ta yake yi ba, kuma zolayar da ke cikin old ta fito ba tare da an ƙara komai ba.

Akwai wurin da har yanzu ban gamsu da abin da nake da shi ba, shi ne kanun labari, inda ba sarari. A ce jarida ta rubuta kalmomi uku kacal, "Teachers' biggest bugbear", a saman rahoto kan yawan cike takardu. "Abin da ya fi ci wa malamai tuwo a ƙwarya" ya ninka tsawon asalin har sau uku. "Babban ciwon kan malamai" gajere ne kuma ana faɗinsa, amma ciwon kai na nuna wahalar aiki ne fiye da haushi. "Abin da ya ishi malamai" shi nake karkata gare shi a yanzu. Ina roƙon kowane ɗalibi ya zo aji mai zuwa da nasa kanun, tare da kalmar da ake amfani da ita a garinsu ga abu irin wannan, musamman ƴan Damagaram da Adar da Arewa, domin na tabbata akwai abin da karin harshensu ya riƙe wanda daidaitacciyar Hausa ta bari a hanya.